Me Ya Sa Ba Duk Abin Da Addini Ya Haramta Ne Kotu Take Hukuntawa Ba?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina shekara ta biyu a jami'a. Kullum muna cikin gardama da abokan ɗakina biyu. Ɗaya yana cewa tunda dimokuraɗiyya mulkin masu rinjaye ce, kuma Musulmi ne suka fi yawa a jihohinmu, kamata ya yi majalisa ta mayar da duk abin da addini ya haramta laifin da za a kama mutum a kansa. Ɗayan Kirista ne daga kudancin Kaduna, shi kuma cewa yake addini ya tsaya a masallaci da coci, kada doka ta san addinin kowa. Ni zuciyata ta fi karkata ga na farko, amma idan na dubi shekarun da aka yi ana shari'a a Arewa sai in ga sata da cin amana ba su ragu ba. Don Allah Baba a warware mini: ina iyakar tarbiyya, ina ta addini, ina ta doka?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ku ilimi mai amfani kai da abokanka. In na fahimce ka, tambaya biyu ka ƙulla wuri ɗaya. Ta farko: wane laifi ne hukuma take da hurumin hukuntawa, wane ne kuma ake bar wa iyaye da malamai da mutum shi da Ubangijinsa? Ta biyu: idan mutanen da ba addininsu ɗaya ba suka haɗa ƙasa ɗaya da akwatin zaɓe ɗaya, wa yake da ikon shata wannan iyaka?

Bari in fara maka da wata shari'a da na rubuta da hannuna lokacin ina magatakarda a wata kotun yanki, tun kafin in tafi karatun lauya. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Kafin rasuwarsa ya sayi gona, amma da yake fatauci yake yi, ba ya zaman gari, sai ya damƙa wa ƙanensa takardar da noman. Da aka zo rabon gado ƙanen ya ce gonar tasa ce, da kuɗinsa ya saya. Mutum ɗaya da aka yi cinikin a gabansa ya riga mu gidan gaskiya, wanda ya sayar kuwa ya yi ƙaura, an neme shi an rasa. Alƙali ya nemi shaidu wurin matar, babu. Ya juya ga ƙanen ya ce ko zai rantse. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse, aka bar masa gona. Duk wanda yake zaune a kotun ran nan ya san gonar marayu ce, har da alƙalin. Da muka koma ofis ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce mini in rubuta yadda aka yi, don ba mu da wata hanya.

Bayan nan limamin unguwa da mai unguwa da wani kawunsu suka yi ta zarya kusan shekara guda. Abokan cinikinsa a kasuwa suka daina ba shi kaya bashi. Ɗansa ya je neman aure wani gida aka ce a dakata tukuna. Daga ƙarshe ya yanka wa yaran rabin gonar, yana cewa taimako ne yake yi wa 'ya'yan ɗan'uwansa. Rabin nan da kotu ta kasa karɓowa, kunya da idon jama'a ne suka karɓo shi. Ɗaya rabin yana hannunsa har ya koma ga Allah, kuma can ne za a ƙarasa shari'ar.

Alƙali da zahiri yake hukunci

Wani zai ce alƙalin nan ya yi sakaci. Bai yi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, alƙali ba ya yanke hukunci da abin da shi kansa ya sani, sai da abin da aka tabbatar a gabansa: hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Abin da Bahaushe ya gani ke nan ya ce shari'a saɓanin hankali. Tushen wannan kuwa daga Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito ya gaya wa sahabbai cewa shi mutum ne, suna kawo masa husuma, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yanke masa hukunci bisa abin da ya ji. To duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Ka lura da kyau. Shi kansa Annabi ya raba hukuncin kotu da hukuncin lahira, ya nuna mutum zai iya cin shari'a ya fita yana mai zunubi. Daga nan malaman fiƙihu suka samo bambancin abin da ya hau kan mutum a gaban alƙali da abin da ya hau kansa tsakaninsa da Allah.

Saboda haka abokinka na farko yana neman ya ɗora wa kotu kayan da fiƙihu bai ɗora mata ba. Hassada haramun ce, haka riya da girman kai da gulma da yanke zumunci da saɓa alkawari, wasunsu ma cikin manyan zunubai suke. Nuna mini littafin da ya yanka musu haddi. Laifuffukan da aka ƙayyade wa haddi 'yan kaɗan ne, yatsun hannu sun isa ƙirga su, kuma an kewaye su da sharuɗɗan da suke sa tabbatar da su ya yi wuya da gangan. Zina sai da shaidu huɗu da suka gani da idonsu, in suka kasa cika huɗu su za a yi wa bulala tamanin ta ƙazafi. Wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa. Ma'izu da ya zo da ƙafarsa yana faɗin laifinsa, Annabi ya yi ta kau da kai daga gare shi. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa. Ƙa'idar da malamai suka gina a kan waɗannan ita ce a tunkuɗe haddi idan akwai shubuha.

Gaskiya ne akwai babin ta'aziri, inda shugaba yake da damar sa horo a kan abin da ba shi da haddi. Amma malamai sun ɗaure shi da maslahar jama'a da abin da ya fito fili: algus a kasuwa, tauye mudu, shaidar zur, cutar da maƙwabci. Abin da mutum ya rufe ƙofarsa ya yi, muddin bai cuci wani ba, wa'azi da nasiha ne maganinsa.

Yadda muka zo inda muke

Gardamar ɗakinku ta girme ku, ta girme ni ma. Kafin zuwan Turawa alƙalan daular Usmaniyya suna hukunci da Risala da Muhtasar da Tuhfa. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, sai dai sun hana yanke hannu da jifa. Aka zauna a haka har 1947, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba, bisa dalilin cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna da alƙalai suka ga an shiga gonarsu. A gefe guda kuma, da 'yancin kai ya matso, ƙabilun da ba Musulmi ba a Arewa suka kai kukansu gaban kwamitin Willink, wanda Turawa suka kafa don jin koken ƙananan ƙabilu, cewa suna tsoron kotunan En'e.

Gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, cikinsu har da wani alƙali daga Pakistan da Shettima Kashim da Peter Achimugu. Shawararsu ce ta haifi Finalkod, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko ƙirarta daga dokar Sudan. Doka ɗaya ce ta laifuffuka ga kowa a Arewa, amma an bar mata ɗanɗanon wurin: sashe na 387 da na 388 sun hukunta zina, an hana Musulmi shan giya, an bar bulalar haddi. Aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi kuma aka bar wa shari'ar Musulunci, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Sulhu ne aka yi, kowa ya rasa wani abu ya samu wani abu. A 1978 maganar ta sake tashi a majalisar tsara kundin tsarin mulki, kan ko za a kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren. Aka daidaita a kan cewa duk jihar da take so ta kafa tata, kuma shi ne har yau a sashe na 275 na kundin 1999.

Sai ranar 27 ga Oktoba 1999, da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, dokar laifuffukan ta fara aiki a Janairun 2000. Cikin shekara biyu wasu jihohi 11 suka bi sahu, suka zama 12 da Zamfara. Ina cikin taron da aka yi a Kano a tsakiyar shekarar 2000, na ga dattawa suna kuka don murna, kuma ba zan taɓa raina hawayen nan ba. Mutane ne da suka fito daga shekara goma sha biyar na mulkin soja, an karya darajar naira, 'yan fashi sun tare hanyoyi, shari'a ɗaya tana shekara goma a kotu, ɗan sanda ba ya motsi sai an ba shi na goro. Da talaka ya ce yana son shari'a, abin da yake nufi shi ne alƙalin da ba a saye, zakkar da za ta iso gidansa, da ranar da shi da mai kuɗi za su durƙusa a tabarma ɗaya.

Abin da ya gani ya sha bamban. Hannun farko da aka yanke, a Maris na 2000, na Buba Bello Jangebe ne, a kan satar saniya. Shari'o'in da duniya ta ji labarinsu na matan ƙauye ne da ba su da lauya a zaman farko. A duk shekarun da na yi ina shiga kotunan nan ban ga an tsayar da wani babban jami'i gaban alƙalin shari'a a kan kuɗin asibiti ko na taki ba. Gwamna da mataimakinsa ma suna da rigar kariya a sashe na 308 na kundin tsarin mulki, ba a gurfanar da su muddin suna kan kujera. Wannan shi ne ainihin abin da Annabi ya yi gargaɗi a kai a ƙissar matar nan Bamakhzumiya, cewa abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Amsar abin da ka lura da shi ke nan, cewa sata ba ta ragu ba. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi.

Amma akwai darasin da ba a cika faɗa ba a shari'ar matan nan biyu. An yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa a Gwadabawa a Oktoban 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta a Maris na 2002. An yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci a Bakori a 2002, takwararta ta Katsina ta sallame ta ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Alƙalan Musulunci ne suka sake su, da hujjojin da suka fito daga cikin fiƙihu: damar janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki da Malikiyya suka yarda zai iya daɗewa shekaru bayan rabuwa da miji. A ta Safiya an haɗa da cewa abin ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma kundin tsarin mulki ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta wanzu ba lokacin da ya aikata abin. Ka ga inda fiƙihu da tsarin mulki suka ja igiya ɗaya. Kuskuren daga ƙananan kotuna ya fito, inda aka miƙa wa alƙalan da ba a horar ba ikon yanke hukuncin rai cikin gaggawa, don 'yan siyasa suna son a ga sun yi.

Rinjaye ma yana da linzami

Yanzu ga ɓangaren dimokuraɗiyya. Gaskiya ne masu rinjaye suke kafa gwamnati su yi doka, amma a ƙarƙashin wata yarjejeniya da ta fi ƙarfin kowace majalisa. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin tsarin mulki ta faɗi. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, da yin sa a fili ko a ɓoye, da koyar da shi. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa. Sashe na 36 kuma ya ce ba a hukunta kowa sai a kan laifin da aka rubuta a doka aka faɗi horonsa, shi ya sa dole jihohin nan suka rubuta shari'a sashe-sashe suka bi da ita ta majalisa.

Ka tambayi abokinka na farko wannan: rinjayen da yake taƙama da shi, a ina? A Zamfara Musulmi ne masu rinjaye. Ɗan'uwansa mai sayar da albasa a Fatakwal ko mai canji a Inugu fa? Idan ƙa'idar ita ce masu yawa su ɗora wa marasa yawa duk abin da suka yi imani da shi, to ya sani ya ba wa wasu wuƙar da za su yanka ɗan'uwansa da ita. Da gwamnatin Legas ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta, sashe na 38 ne ya cece su: a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Firdausi Amasa, da aka hana ta shiga zauren rantsar da lauyoyi a Disambar 2017 saboda hijabinta, an rantsar da ita da hijabin a 2018. Sashen nan da ya kare su shi ne yake kare Kiristan da yake neman filin gina coci a Gusau ko Dutse. Ba ya yiwuwa mu riƙe shi a Legas mu sake shi a gida.

Abokinka na kudancin Kaduna kuma yana da dalilin tsoronsa, kada ka raina shi. A Fabrairun 2000, kan maganar shari'a, an kashe fiye da mutum dubu a garin Kaduna, Musulmi da Kirista, har garin ya rabu biyu, kowa ya koma tsallaken kogin da 'yan'uwansa suke. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne tsarin da gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta kawo a 2001: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan al'ada ga masu bin al'ada, kotunan majistare ga kowa.

Sai dai maganarsa cewa doka kada ta san addini ba ta yiwuwa, kuma ba haka kundinmu ya ce ba. Akwai ƙasar da ta bi wannan hanya, Faransa, wadda ta raba coci da gwamnati a 1905, ta kuma hana sa alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004. Mu gabatarwar kundinmu ma cewa ta yi ƙasa ɗaya ƙarƙashin Allah. Gwamnati tana biyan alƙalan kotunan shari'a albashi, tana da hukumar alhazai da ta masu ziyarar Kirista, tana ba da hutun Sallah da na Kirsimeti. Dokar da yake gani kamar ba ruwanta da addini ita ma tana da nata tarihin: hutun Lahadi da auren rajista mai mace ɗaya daga al'adar Kiristocin Ingila suka zo mana. Kuma babu dokar da ba a gina ta kan wani ra'ayi na daidai da kuskure ba. Wanda ya hana kisa da sata da shaidar zur ya riga ya yi hukunci irin na tarbiyya, kuma yawancin mutanenmu daga masallaci da coci suka koyo shi. Ba wanda zai tuɓe imaninsa ya ajiye a ƙofar rumfar zaɓe.

Abin da zaman tare yake nema a wurin mai addini shi ne, idan yana son dokar da za ta hau kan wanda ba addininsu ɗaya ba, ya kawo dalilin da shi ma wancan zai iya aunawa. Dubi bankin da ba ruwa. An yi ta cacar baki a kansa a 2011, aka ce za a musuluntar da ƙasa. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, ba a tilasta wa kowa ba, Kiristoci ma suna ajiya a ciki. A 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun sukuk, wato na tara jari ba tare da ruwa ba, na naira biliyan 100 ta zuba a hanyoyi a duk shiyyoyin ƙasar. Tunani ne da ya fito daga fiƙihu, ya shiga dokar ƙasa ta ƙofar da kowa ya ga amfaninsa.

Dokar da zukata ba su karɓa ba

Ko da majalisa tana da hurumi, akwai tambayar ko dokar za ta yi aiki. Amurka ta hana sayar da giya a kundin tsarin mulkinta daga 1920, mutane suka ci gaba da sha a ɓoye, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba, aka soke hanin a 1933. Uwar Muminai A'isha ta riga ta faɗi sirrin: da abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba, sai da imani ya zauna sannan halal da haram suka sauka. A nan gida an hana bara a titunan Kano fiye da sau ɗaya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta wa iyaye sa yara makaranta har da tanadin horo, amma leƙa kowace mahaɗar hanya ka gani. An hana kodin a 2018, masu sha suka koma wasu ƙwayoyin. Uban da ba shi da abin ciyarwa, da saurayin da ya gama makaranta ba aiki, takardar doka ba ta canza musu komai.

Kishiyar wannan ita ce rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda zargin da ya bazu, cutar ta yaɗu har ƙasashen maƙwabta. Barazanar kamu ba ta buɗe ƙofofin gidaje ba. Sai da aka zauna da malamai, sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, masu unguwanni suka riƙa rakiyar ma'aikata gida-gida, sannan aka kai ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a Agustan 2020. Haka dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta sa wa hannu a 2024: ta samu karɓuwa ne don limamai da yawa sun riga sun fara neman takardar asibiti kafin ɗaura aure, iyaye kuma sun gaji da ganin wahalar yara masu amosanin jini.

A nan nake auna aikin Hisba. Hukumar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, na sha tura mutane wurinta, kuma na ga aure da yawa da ta ɗinke, na ga matan da aka karɓo musu kuɗin ciyarwa cikin mako guda, abin da zai ci wata shida a kotu. Wannan aikin sulhu ne da nasiha, kuma ta fi kowa iya shi. Inda take samun matsala shi ne idan wasu dakarunta suka shiga aske kan matasa a titi ko binciken wayar mutane, don wannan ya saɓa wa hanin bin diddigi, ya kuma saɓa wa sashe na 214 da ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Mafi muni shi ne taron jama'a su mayar da kansu mai ƙara da alƙali da hauni. Abin da aka yi wa ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, da abin da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, a wurina laifi iri ɗaya ne, kisan kai ba tare da shari'a ba. Babu mazhabar da ta ba talakawa ikon zartar da haddi, na hukuma ne bayan an saurari wanda ake tuhuma.

Idan aka kawo mini ƙudirin doka aka ce in duba, abin da nake fara tambaya shi ne ko abin da ake son hanawa yana cutar da wani ban da mai yin sa. In haka ne, za a iya tabbatar da shi ba tare da an leƙa ɗakin kwanan mutane ba? Sannan in tambayi masu ƙudirin ido da ido ko za su yarda a zartar da shi a kan ɗan kwamishina, kuma ko za su yarda da irin wannan iko a hannun majalisar da ba mutanensu ne suka fi yawa a cikinta ba. Ƙudirori da yawa a tambaya ta uku suke faɗuwa. Wanda ya tsallake kuma sai a duba ko akwai alƙalai masu ilimi da lauyan da zai tsaya wa marar galihu.

Ni lauya ne, fatawa ta malamai ce, kuma akwai malaman da nake girmamawa da suke ganin na ƙuntata hurumin hukuma fiye da kima. Wasunsu ma ba su yarda dimokuraɗiyya tana haɗuwa da shari'a ba, wasu kuma suna ganin ta a matsayin wani nau'i na shawara. Abin da na faɗa maka daga kotunan wasu jihohin Arewa na samo shi. Ita kanta tambayar ko dokokin laifuffuka na shari'a sun dace da sashe na 10, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kano ta ce sun dace a Agustan 2022, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya, aka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli, kuma hukuncinta ne zai ɗaure ni da kai da abokanka.

Kafin ku sake zama gardama, ku ware safiya ɗaya ku uku ku tafi babbar kotun shari'a ta nan Zariya, washegari ku je ta majistare. Zaman a buɗe yake ga kowa, abokinka Kirista ma ba wanda zai hana shi shiga. Ku je kafin ƙarfe tara, ku zauna a bencin baya da takarda da biro, ku rubuta kowace ƙara da aka kira: ta mece ce, wa ya kawo ta, wa yake da lauya, sau nawa aka ɗaga ta. Za ku tarar yawancinsu ciyarwa ne da saki da bashi da gado da iyakar gona. Ka rubuto mini abin da kowannenku ya ƙirga, daga nan sai mu ɗora.